Tambaya da Amsa: An ce dole 'yan shekara uku su rubuta 1 zuwa 100

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a kwalejin horar da malamai, sashen ilimin ƙananan yara. Yanzu ina koyarwar gwaji a ajin 'yan shekara uku. Shugabar makarantar ta ce kafin ƙarshen zango dole kowane yaro ya iya rubuta 1 zuwa 100 da A zuwa Z, kuma kullum in ba su aikin gida. A kwaleji an koya mana koyarwa ta hanyar wasa, amma da na gwada sai ta ce ɓata lokaci nake yi, iyaye ba kuɗin wasa suka biya ba. Yaran kuwa da an miƙa musu fensir sai kuka. Hankalina ya tashi, ga malamin da zai duba ni yana tafe. Shin abin da aka koya mana na takarda ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kwantar da hankalinki, abin da aka koya miki daidai ne. Ɗan shekara uku yawanci dunƙule fensir yake yi a tafin hannu, don yatsunsa ba su yi ƙwarin sarrafa shi ba tukuna. In an matsa masa, ko malama ta kama hannunsa ta rubuta, ko uwa ta yi aikin gidan da daddare. Littafi ya dawo cike fal, kowa ya yi murna, mai littafin bai san abin da ke ciki ba.

Amma ba nan ciwon yake ba. Ciwon shi ne an ɗauka yaron da ya rera, to ya iya. Ba makarantar da zan shiga duba ɗalibaina ban ji aji na amsawa da murya ɗaya ba, har shugaba ta dube ni tana jiran yabo. Gobe ki gwada da kanki. Ki kira wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen ƙirga 1 zuwa 100, ki zube masa murafan kwalba bakwai, ki ce ya ƙirga. Za ki ga baki ya riga yatsa, ya kai goma bai taɓa na biyar ba. Wani zai taɓa su daidai, amma in kin ce "to, nawa ke nan?" sai ya koma farko, don bai gane cewa lambar ƙarshe ita ce adadin duka ba. Jean Piaget, masanin yadda tunanin yara yake bunƙasa, ya daɗe da nuna irin wannan: a jera abubuwa sahu biyu daidai wa daida, a baza sahu ɗaya a gaban idon yaro, zai ce wanda aka baza ya fi yawa. Wannan yaron ne ake so ya rubuta 87?

Haruffa ma haka. Ki ɗauko "m" daga tsakiya ki nuna masa, sai ya yi shiru ko ya fara waƙar daga A. Ya haddace waƙa, bai san harafi ba, balle sautin da harafin yake ɗauke da shi. A shekarar 2000 wani kwamitin ƙasa kan karatu a Amurka ya tattara bincike ya fitar da ginshiƙai biyar: jin sautuka a cikin kalma, haɗa sauti da harafi, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. Na farkonsu da kunne ake yin sa, ba ya bukatar fensir ko kaɗan. Karatun aku kuwa ba ya cikin biyar ɗin.

Kuma ba ƙaramar ɓarna yake yi ba. Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta. Kada a ɗora wa korona laifin duka, kafin ta zo ma kashi 57 ne. Da yawansu suna zuwa makaranta, sun rera, sun kwafa, an ciyar da su gaba.

In kin yi magana za a ce miki icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su kuma masu tallar horon kwana biyu da takardar shaida, da masu sayar da littattafan "ɗanka zai yi karatu kafin yaye", sun samu kasuwa a kan tsoron iyaye. A Finlan sai yaro ya shekara bakwai yake shiga aji ɗaya, kuma malamin firamare sai da digiri na biyu. Maria Montessori, likita ce, da ta buɗe makarantarta ta ƙananan yara a Roma a 1907, haruffa masu kaushi ta yanka yara suna bi da yatsa suna faɗin sautin, fensir sai daga baya.

Sai dai shugabar taki tana da ɗan uzuri. Ta sha ganin malamar da ta ce "wasa" ta saki yara suna tsalle ita tana danna waya. Naki wasan ya zama da manufa wadda za ki iya faɗa a jimla ɗaya. Zare dutsen ado a igiya da murza yumɓu suna ƙarfafa yatsu. Tafi a kan gaɓoɓin sunan kowane yaro yana buɗe kunne. Raba wa kowa kofi ɗaya ɗaya shi ne tushen ƙirga. Ki ba su labari kullum, da harshen da suke ji, ki bar su su maimaita miki da bakinsu.

Kada ki yi jayayya da ita a gaban ma'aikata, ke baƙuwa ce ta 'yan makonni. Ki buɗe littafi, kowane yaro da shafinsa, ki rubuta abin da ya iya yau da wanda bai iya ba. Bayan mako uku ki gayyace ta cikin ladabi ta ga gwajin murafan nan da idonta. Aikin gida kuma ki mai da shi abin da uwa za ta yi da ɗanta da baki, kamar ƙirga cokula ko neman abin da sunansa ya fara da sautin "b".

Malamin da zai duba ki, ki sanar da shi halin da ake ciki tun kafin ya zo, a rubuce. Na san wasunmu tsarin darasi kawai suke buɗewa, su duba ko an ja layi da jan biro, su sa hannu su wuce ba su dubi yaro ko ɗaya ba. Don haka ki rubuta manufar kowane wasa ƙarara a tsarin darasinki, ki ajiye littafin yaran a kan tebur inda dole ya gan shi.