Tambaya da Amsa: Me ya sa ake rigima kan ƙuri'a ɗaya tal a Nebraska?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina wuni ya aiki. Ni ɗalibi ne daga Argungu, muna gardama da abokaina a wajen mai shayi kan zaɓen Amurka, wani ya ce wai a 2024 sai da Trump ya sa baki a canza dokar wata jiha saboda ƙuri'a guda ɗaya kacal. Ni dai ban yarda ba wlh. Mi ya sa ƙasa mai mutane miliyoyi za ta tsaya faɗa kan ƙuri'a ɗaya? Don Allah a warware muna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, to abokin naka bai yi ƙarya ba, sai dai ka biya mashi shayin. Ƙuri'ar da yake nufi ba irin wadda ka dangwala a akwati ba ce, ƙuri'ar wakilan zaɓe ce. A Amurka jama'a ba su zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye, kowace jiha tana da adadin wakilai daidai da yawan 'yan majalisar wakilanta a tarayya haɗe da sanatocinta biyu, sai birnin Washington mai uku, jimla 538, wanda ya samu 270 ya ci. Kundin tsarin mulkinsu kuma ya bar wa majalisar kowace jiha ta tsara yadda za ta raba nata, nan ne tushen rigimar.

Jihohi 48 wanda ya zo na ɗaya ko da ratar ƙuri'a ƙalilan ce shi ke kwashe duka. Ka tuna 2000, Bush ya ci Florida da ƙuri'a 537 kawai ya kwashe wakilanta 25 gaba ɗaya, ya gama da 271. Jihohi biyu ne suka fita daban, Maine tun 1972 da Nebraska tun 1992, su kowace mazaɓar ɗan majalisa wakili ɗaya gareta, wanda ya ci jihar baki ɗaya kuma a ƙara mashi biyu.

Nebraska gidan Rifablikan ce, jam'iyyar Trump, wakilanta biyar, amma mazaɓar da birnin Omaha yake ciki takan zame masu, Obama ya ɗauke ta a 2008, Biden a 2020. Da 2024 ta matso masu lissafi suka ga in Kamala Harris ta jam'iyyar Dimokurat ta riƙe Pennsylvania da Michigan da Wisconsin ta rasa sauran jihohin da ake takaddama a kansu, to 269 take da shi, Omaha ce za ta cike mata 270, in babu ita kunnen doki 269 da 269, sai majalisar wakilai ta raba gardama inda kowace jiha ƙuri'a ɗaya gareta. Shi ya sa Trump da gwamnan jihar Jim Pillen suka matsa a koma tsarin kwashe duka, har Sanata Lindsey Graham ya yi tattaki can don lallashi. Ana buƙatar 33 cikin 'yan majalisar jihar 49, wani Mike McDonnell wanda bai daɗe da sauya sheƙa daga Dimokurat zuwa Rifablikan ba ya ce shi bai yi, magana ta mutu. Ƙarshenta Harris ta ci Omaha ɗin amma bai hana komai ba, Trump ya samu 312.

Abin da ke ba ni dariya, Rifablikan ɗin nan da ke son a daina rabawa a Nebraska su ne suka nemi a fara rabawa a Pennsylvania a 2011, don a lokacin Dimokurat ke kwashe jihar, kuma da yake su suka shata iyakokin mazaɓu, a 2012 Obama ya ci jihar amma Romney na Rifablikan ya fi shi a mazaɓu 13 cikin 18, kenan da dokar ta wuce da wanda ya faɗi ya fi wanda ya ci wakilai. A California ma sun gwada a 2007 bai kai ga akwati ba. Su ma Dimokurat ba waliyyai ba ne, shugabanninsu a Maine sun yi barazanar in Nebraska ta canza su ma za su canza, don can Trump ne ke tsintar ɗaya tun 2016. Kuma jihohin da Dimokurat ke da ƙarfi a cikinsu ne suka shiga yarjejeniyar ba da wakilansu ga wanda ya fi ƙuri'a a ƙasa baki ɗaya, Maryland ta fara a 2007, ba za ta fara aiki ba sai sun haɗa 270. Ɗacin 2016 bai bar bakinsu ba, Hillary ta fi Trump da ƙuri'a kusan miliyan 3 amma ta sha ƙasa.

Kar ka ga kamar su kaɗai ke irin wannan lissafin, tambayi dattawan Argungu labarin 1979, lokacin da jihohi 19 ne aka tsaya ana gardamar kashi biyu cikin uku 13 ne ko 12 da ɗoriya, saboda doka ta ce sai ɗan takara ya samu kashi 25 a kashi biyu cikin uku na jihohi, Shagari kuma ya samu a 12 amma bai samu a Kano ba, sai da Kotun Ƙoli ta yanke.