Alwatika a cikin da'ira: yadda za ka samo B da C

Ƙanena mai shirin jarrabawar BEPC a Garwa, ka ce alwatika ABC tana cikin da'ira, kowane tsini a bakin da'irar, AB ya ratsa ta tsakiya, kusurwar A digiri 35, ana neman B da C.

Fara da C. Muddin AB diyamita ne, wato layin da ya ratsa tsakiyar da'ira daga baki zuwa baki, kusurwar da ke fuskantarsa digiri 90 ce, ko ina C ta zauna a bakin da'irar. Jimlar kusurwoyin alwatika kuwa 180. Cire 90 da 35, saura 55, B ke nan.

Don Allah kada ka tsaya ga hadda. Kifa murfin tukunya kan takarda, zagaye da fensir, yanke, ninke biyu, layin ninkin shi ne AB. Sa ɗigon C a bakin da'irar, ja layi daga C zuwa A da kuma B, ɗora kusurwar littafinka a kan C, za ka ga ta zauna daram.