Ga mai tambayar lokacin fara Montessori: abin da na gani a kan yarana biyu

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Tun jiya na ga tambayarki, cewa ɗiyarki ta cika shekara biyu da wata uku, kina tunanin ko ki sa ta makarantar Montessori, irin wadda yaro ke zaɓen aikinsa da kansa, yanzu ko ki dakata sai ta kai uku. Yarana biyu duk sun yi irin wannan makaranta, ɗaya na gaggauta, ɗaya na jinkirta, bari in ba ki labarin yadda ta kaya.

Babban na kai shi yana da wata ashirin. Ba don na ga ya shirya ba, aiki ne ya sha mini kai, ga kuma masu ce mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya yi kusan wata biyu yana kuka a bakin ƙofa. Bakinsa bai buɗe ba balle ya faɗi abin da ke damunsa, barcin ranarsa ya rikice, in ya dawo sai rigima har dare. Daga baya ya saba, ba zan ce ya cutu ba. Amma da na zauna na lissafa abin da ya koya a shekarar, zuba ruwa daga kofi zuwa kofi ne, da goge tebur, da sa takalmi da kansa. Babu wanda ba zan iya nuna masa a gida ba.

Ƙanwarsa kuwa sai da ta kai shekara biyu da wata goma. Rana ta uku ita ta saki hannuna, ko waiwaye ba ta yi ba. Abin da na lura da shi kafin in kai ta: tana iya cewa tana jin fitsari, tana zama a kan abu ɗaya na minti goma ko fiye ba tare da an tsare ta ba, in na bar ta da wani babba na awa biyu ba ta tayar da hankali, sannan kullum bakinta "bari in yi da kaina". Wannan kalma ta ƙarshe ita na fi ba muhimmanci, domin tsarin gaba ɗaya a kanta ya tsaya. Yaro ne ke zaɓen aikinsa daga kan kantar kaya, ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa, ya yi, ya mayar inda ya ɗauko. Malama nuni kawai take yi ta ja gefe.

To ga abin da ban sani ba a lokacin, wanda da na sani da ban yi kuskure na biyu ba. Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko mai suna Gidan Yara a birnin Rum a 1907, ba ta raba yara aji-aji bisa shekara ɗaiɗai ba. Ajin da aka fi sani yana haɗa 'yan shekara uku zuwa shida a ɗaki ɗaya, kuma an gina shi ne a kan yaro zai yi shekara uku cur a ciki. Shekarar farko yana jera tubalan nan goma masu ruwan hoda daga babba zuwa ƙarami, yana shafa haruffa masu kaushi da yatsa yana furta sautinsu. Ke da kike kallo sai ki ce wasa ne. A ta biyu ya fara haɗa kalmomi da haruffan da ake ɗauka a jera a ƙasa, tun hannunsa bai ƙware da fensir ba. A ta uku ne komai ke haɗuwa, karatu da lissafi su zauna, ya zama shi ne babba mai nuna wa ƙanana.

Ni kuwa na cire babban yana da shekara biyar, ina ganin ya isa haka. Ashe na yi shuka ne na tafi kafin girbi. Ƙanwarsa da ta kammala, ranar da na leƙa na same ta tana koya wa wani ɗan shekara uku ɓalla maɓalli, cikin haƙurin da ko a gida ban taɓa ganin tana da shi ba.

Saboda haka kafin ki tsayar da ranar farawa, ki tambayi kanki ko za ki iya barinta har ta kai shida. Kada kuma jinkirin ya yi yawa. Yaron da ya shigo yana da huɗu da rabi yakan tarar kayan farko sun daina burge shi, wasu makarantun ma ba sa son karɓa a wannan shekarun.

In aiki ya tilasta miki kai ta yanzu, akwai ajin ƙanana da ke karɓa daga wajen wata goma sha takwas, ki kai ta ba tare da zargin kanki ba. Sai dai ki bincika, domin kowa na iya liƙa sunan Montessori a allon makarantarsa, babu mai hana shi. Ki nemi a bar ki ki zauna a ajin wata safiya. Ki duba ko ana ba yaran lokaci mai tsawo suna aiki ba a katse su, a ajin manya kusan awa uku ne. Ki tambayi inda malamar ta samu horo. In kin ga duk yara a jere suna maimaita abu ɗaya bayan malama, suna kawai aka ara.

In kuma kina da halin zama da ita, ni dai da ni ce, sai in ƙara mata wata shida zuwa takwas a gida. Ki sauko mata da kayanta inda hannunta zai kai, ki ba ta ƙaramin tsumma da 'yar tsintsiya, in ta zubar da ruwa ki bar ta ta goge da kanta ko da za ta ɓata miki lokaci. Ba ki gaya mana ko ta fara haɗa jimla ba, da kuma yadda take yi in kin fita kin bar ta. In kin amsa waɗannan biyu zan fi iya ce miki wani abu takamaimai.