Muryar Malam a guruf: wane tsawon linka za a yi oda?

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanena na ji muryarka tun azahar, ina cikin cunkoson Ƙofar Nassarawa ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce wai wace linkar PEG, wato sarƙar sinadarin polyethylene glycol, za ka yi oda don haɗa PROTAC ɗinka, mai gaɓa uku ko huɗu ko shida. Ni dai abin da na fahimta so kake in ba ka lamba ɗaya ka huta, to babu ita wallahi.

Ka san PROTAC, sinadarin da ake haɗawa don ya sa sel ta kawar da wani furotin, dillali ne kamar na Kwari. Hannu ɗaya ya riƙe furotin ɗin da ake so a kawar, ɗaya hannun ya riƙe E3, wato furotin mai manna alama, irin su VHL ko cereblon, ya haɗa su, a manna wa furotin ɗin yubikwitin, wato alamar a kawar da shi, furotiyasom, injin niƙan furotin na cikin sel, ya niƙe shi, dillali ya saki ya tafi neman wani. Linka ita ce tsakanin hannuwan nan. In ta gajarta furotin biyu su yi ta karo ba za su zauna ba, in ta yi tsawo da yawa ta yi ta lilo ba ta riƙe kowa da kyau ba.

Duba MZ1, wani PROTAC na su Alessio Ciulli a Dundee, 2015, gaɓar PEG uku ce. Da suka fitar da hoton kiristal ɗinsa a 2015, a'a tsaya, 2017 ne hoton, sai aka ga linkar ba a miƙe take ba, naɗewa ta yi, BRD4, furotin ɗin da ake so a kawar, da VHL suka manne da juna da kansu. JQ1, hannun MZ1 mai riƙe furotin, shi kaɗai ba ya bambanta BRD4 da 'yan uwansa BRD2 da BRD3 sosai, amma MZ1 ya fi cin BRD4. To ka ce min igiya ce kawai?

Maganar nan fa wani dattijo ya taɓa faɗa min ita a gaban mutane, ranar da nake kare aikina, ya ɗaga takardata ya ce ai wannan igiya ce, me za a bincika a igiya. Har yau tana cina. Ni da na jira wata huɗu kayan su zo, dala ta tashi a tsakani, da suka zo ma mai gaɓa biyu aka turo min maimakon huɗu, ga shi PEG akwai shan danshi, damina ce, an ɗauke wuta kwana uku, na buɗe kwalbar na ga... kai bari dai.

Abin da zan ce, sayi uku ko huɗu masu tsawo daban-daban ko kaɗan-kaɗan ne, ka haɗa da alkil ɗaya, wato linka mai sarƙar kabon zalla. PEG ta fi narkewa a ruwa, alkil ta fi son maiƙo, wani lokacin ta fi ratsa fatar sel. Linka mai lanƙwasa irin waɗannan ta lalube ce, da ita ake gano tazarar. In an gano sai a ƙarfafa ta da zobe irin piperidine ko piperazine, kamar PROTAC ɗin ARV-471 na kamfanin Arvinas da ya shiga gwaji kan mutane a 2019, ƙwaya ake haɗiya duk da girmansa, nauyinsa ya wuce 700 a ma'aunin dalton na sinadarai.

Kuma kar ka zuba PROTAC da yawa a gwajin, in dillalai suka yi yawa kowa ya riƙe mutum ɗaya ciniki ba ya faɗawa. Wannan sai mun zauna. Turo min sunan furotin ɗinka da E3 ɗin da ka zaɓa, an kira magariba.