Ɗora shafinka, React zai jira ka

Ka ce sai ka ƙware a React, wato kayan aikin JavaScript na gina shafuka, kafin ka haɗa shafin da za ka nuna ayyukanka, kana kuma tambayar ko dole sai ka biya kuɗin saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet. A'a, ƙanena. HTML da CSS da ɗan JavaScript ɗin da ke hannunka sun ishe ka, kuma ko sisi ba za ka kashe ba.

Mai ba da aiki bai damu da abin da ka gina shafin da shi ba. Damuwarsa ita ce shafin ya buɗe da wuri a wayarsa, ya ga abin da hannunka ya taɓa yi. Tela riga yake ratayewa a bakin shago, ba almakashi ba. Zaɓi ayyuka uku na gaske, ka bar kalkuletar nan da kowane ɗan koyo yake kwafowa daga YouTube. Shafin da ka yi wa mai kemis na unguwarku ya fi ta daraja nesa ba kusa ba, domin wani yana amfani da shi. Ƙarƙashin kowane aiki ka faɗi matsalar da aka kawo maka da yadda ka warware ta, ka sa adireshin da za a gan shi yana aiki.

Ɗorawa kuwa ba wuya. Buɗe sabuwar ma'ajiya a GitHub, dandalin da ake ajiye kod a intanet, ka raɗa mata sunan asusunka daidai, da .github.io a ƙarshe. Fayil ɗin index.html ya zauna a farko, kada ka cusa shi cikin wata folda. Tura kod ɗinka, ka shiga Settings, ka kunna Pages, sashen da ke ɗora shafi. Cikin 'yan mintuna shafi ya hau, da tsaron HTTPS ɗinsa kyauta. Sai dai Pages ba ya gudanar da PHP, yaren da ke aiki a kan saba, ba shi da rumbun bayanai, don haka fom ɗin tuntuɓa ba zai aika saƙo da kansa ba. Sa imel da mahaɗin WhatsApp, ya wadatar.

Inda yara suke tuntuɓe shi ne sunan fayil. Windows ba ya bambanta Hoto.JPG da hoto.jpg, amma sabar tana bambantawa. Sai ka ga hoto yana fitowa lafiya lau a kwamfutarka, a intanet kuma wayam. Rubuta duk sunaye da ƙananan baƙaƙe, babu tazara. Hotunan ma ka rage musu nauyi, ka mai da su WebP, tsarin hoto mara nauyi. Wanda ya sayi data da guminsa ba zai tsaya jiran hoto mai megabait 5 ba. Sa UTF-8, tsarin da ke nuna baƙaƙe daidai, a kan shafi, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su iya rikiɗewa su koma tarkace. Kuma don Allah kada mabuɗin API, wato lambar sirrin da wata hidimar intanet ta ba ka, ya shiga ma'ajiyar. Ko ka goge shi daga baya, Git, manhajar da ke bin sauye-sauyen kod ɗinka, yana riƙe da tarihi, sai dai ka soke shi ka karɓi sabo.

Sayen suna irin .com.ng a wajen dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su, wannan ka bari sai aiki ya fara kawo kuɗi, tunda duk shekara ake sabuntawa.

Kafin Juma'a ka turo mini adireshin. Amma fara gwada shi a ƙaramar waya, da data, ba da wayifai ɗin shago ba.