Da root na kunna ta, amma /dev/mem ya ƙi buɗuwa: amsa ga mai katin PCIe

Ɗan'uwa, ka ce manhajarka tana taɓa rajistocin katin PCIe (wuraren da ake ba katin umarni, ake kuma karanta matsayinsa) ta /dev/mem, fayil ɗin da ke ba manhaja damar taɓa adireshin ma'adana kai tsaye, da tana aiki lafiya lau, bayan sabunta Linux kuma sai EPERM, wato saƙon "ba izini", take samu alhali da root, mai cikakken iko, ka kunna ta, har kana tunanin sake haɗa kenel ka cire takunkumin. Dakata tukuna. Shingen ba ɗaya ba ne, kuma kowanne da maganinsa.

Fara da strace, mai nuna kiran da manhaja ke yi wa kenel, ka ga inda ta faɗi. In a open ne, abu biyu ake zargi. Ko dai manhajar ba ta da izinin CAP_SYS_RAWIO, wanda root na cikin kwantenar Docker ba ya samu sai an ba shi da gangan, ko kuma lockdown ne, tsarin da ke hana ko root taɓa kenel, wanda ya shigo kenel 5.4 a 2019. Karanta /sys/kernel/security/lockdown: in kalmar da aka sa a cikin [ ] integrity ce ko confidentiality, to /dev/mem da /dev/port a kulle suke ɗungurungum. Rabe-raben Linux da dama suna kunna shi da kansu idan Secure Boot na aiki, kuma dmesg zai faɗi sunan manhajar da aka hana.

In kuwa open ya wuce, mmap (kiran da ke haɗa yankin da adireshin manhajarka) ne ya ƙi, duba saitin kenel da grep DEVMEM /boot/config-$(uname -r). CONFIG_STRICT_DEVMEM tsohon shinge ne tun 2008: yana hana taɓa RAM, amma ya bar ma'adanar na'urori a buɗe, a x86 har da megabait na farko saboda tsofaffin manhajojin da ke karanta BIOS. Wanda nake zargi a matsalarka ƙanensa ne, CONFIG_IO_STRICT_DEVMEM, na kenel 4.5. Shi dokarsa ita ce duk yankin da wani direba ya riga ya kama, ba mai shiga daga waje. Buɗe /proc/iomem da sudo, domin in ba haka ba sifili-sifili za ka gani a wurin adireshi. Nemo layin katinka, misali 0000:03:00.0. In akwai wani layi a ƙarƙashinsa, ya ɗan shige ciki, ɗauke da sunan direba, to ga mai gidan nan. Tun 5.8 ma, ko ka riga direban yin mmap, da zarar ya kama yankin za a ƙwace naka, taɓawa ta gaba manhajar ta mutu da SIGBUS, siginar kuskuren taɓa ma'adana.

Za a ce maka ka ƙara iomem=relaxed a layin tayar da kenel. Yana aiki, amma ga ma'adanar na'urori kaɗai. Ba ya buɗe RAM, ba ya cire lockdown. A teburin gwaji na yini ɗaya ba laifi. A na'urar da za ta je hannun mutane kuwa ban ba ka shawara ba, kuma ba don tsaro kaɗai ba. Direba yana tsammanin shi kaɗai ne ke magana da katin. Akwai rajistocin da karanta su kawai ke goge su: ka leƙa ta matsayin siginar katsewa don ka "duba", ka share abin da direban ke jira, katin ya tsaya cik ba tare da wani saƙo ba. Akwai kuma na karanta, gyara, mayar: kai da direba kuna rubutu a rajista ɗaya, makullin da yake riƙewa a cikin kenel bai san da zamanka ba. A 2008, lokacin gwajin 2.6.27, wani rubutu da ya ɓace hanya ya lalata ma'adanar dindindin ta wasu katunan e1000e har suka daina aiki. Daga baya an gano daga cikin kenel ɓarnar ta fito, amma daga nan aka ba direbobi damar kama yankinsu su kaɗai.

Hanya mai kyau ita ce katin ya zama da mai shi guda. In rajistoci kawai kake so, cire direban: rubuta 0000:03:00.0 a fayil ɗin unbind da ke /sys/bus/pci/drivers/ ƙarƙashin sunansa, rubuta 1 a fayil ɗin enable na katin, sannan ka yi mmap na resource0 a /sys/bus/pci/devices/0000:03:00.0/. Wannan BAR na farko ne, wato yankin adireshi na farko na katin, shi kaɗai, ko ka yi kuskuren lissafi ba za ka faɗa gonar wani ba. In komai ya dawo 0xFFFFFFFF, duba lspci -vv ka tabbatar akwai Mem+ kuma katin yana D0, ba barci yake ba. Lockdown yana rufe wannan hanyar ita ma.

In kana buƙatar siginar katsewa, akwai UIO, tsarin kenel da ke miƙa wa manhaja na'ura: /dev/uio0, yanki na N yana kan N sau girman shafi, kuma read na bait 4 yana jira har sigina ta zo. Sai dai UIO ba ya tsare DMA, wato kati ya taɓa RAM da kansa, ko kaɗan. Katin da ke rubutu a RAM da kansa, ka ba shi adireshi mara kyau, zai rubuta a kan kenel ba mai tsayar da shi. Irin wannan kati VFIO ne nasa, tsarin da ke miƙa wa manhaja kati tare da tsare DMA ɗinsa, yana nan tun kenel 3.6. Kunna VT-d ko AMD-Vi, wato IOMMU mai iyakance inda kati zai taɓa a RAM, a saitin BIOS, ƙara intel_iommu=on in Intel ne, rubuta vfio-pci a driver_override na katin, ka sake ɗaura shi. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne rukuni: duba /sys/kernel/iommu_groups, domin duk na'urorin da ke rukuni ɗaya da katinka sai an raba su da direbobinsu, in ba haka ba VFIO zai ƙi. Wani lokaci sauya ramin da aka soka katin kawai ke raba shi da sauran na'urorin rukunin. Ɗaga ulimit -l kuma, tunda shafukan DMA kulle su ake yi a RAM.

Ko ta wace hanya ka bi, mafarin mmap sai ya zama ninkin girman shafi, 4096 a x86, in ba haka ba zai ƙi da kuskuren EINVAL. Zagaye shi ƙasa, ka ƙara ragowar a kan manunin da ya dawo. Taɓa rajista da volatile uint32_t, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka yi amfani da memcpy: yana zaɓar faɗin da ya ga dama, kati mai son bit 32 ya samu 64 ko fiye, a ARM kuma taɓawar da ba ta daidaita ba SIGBUS ce kai tsaye.

Turo layukan katin daga /proc/iomem da layin strace da ya faɗi, tare da cewa ko katin yana DMA, sai a faɗa maka tsakanin resource0 da VFIO wanne ya dace da kai.