Sari Biyu, Farashi Biyu: Da Wanne Zan Lissafa Ribata?

Wani ɗan kasuwa ya aiko da wannan tambaya: "Na saro katan 100 na sabulu a kan 50 kowanne. Kafin su ƙare farashi ya tashi, na ƙaro wasu 100 a kan 70. Na sayar da katan 120 a kan 90. Kayan duk sun gauraya a sito. Nawa ce ribata ta gaskiya?"

Malam, Allah ya sa albarka a nema. Tambayarka ta taɓo inda 'yan kasuwa da yawa ke cinye uwar kuɗinsu ba su sani ba, don haka bari mu bi ta a hankali.

Kafin a san riba, sai an san nawa kayan da suka fita suka zauna maka. Lissafin shi ne: kayan da ka buɗe da su, ka haɗa da waɗanda ka saro, ka cire waɗanda suka rage. Kai ka kashe 12,000, cinikinka 10,800, saura katan 80 a sito. Duk rigimar a kan kuɗin da za a ɗora wa katan 80 ɗin nan take.

Idan ka ɗauka cewa kayan da suka fara shigowa su suka fara fita, wato tsarin da akantoci ke kira FIFO, to ka sayar da 100 na 50 da 20 na 70. Sun zauna maka 6,400, ribarka 4,400. Idan kuma ka raba tsaka, kowane katan ya tashi 60, waɗanda suka fita 7,200 ke nan, riba 3,600. Akwai hanya ta uku, LIFO, wadda ke cewa na ƙarshen shigowa su ke fara fita. Da ita ribarka 2,800 ce. Amurka ta yarda da ita, amma ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa, IAS 2, ta hana amfani da ita tun 2005, saboda haka ka ajiye ta gefe.

Ka ga ciniki ɗaya, riba kala uku. Tunda kayanka iri ɗaya ne kuma sun gauraya, ni dai raba tsaka zan zaɓa maka. FIFO ta fi dacewa da kaya masu ranar lalacewa, inda dole ka fara fitar da tsoho. Wadda duk ka ɗauka, ka dawwama a kanta. Sauya hanya kowace shekara zai sa ka kasa gwada bana da bara.

Ga abin da ya fi damuna. A ce ka bi FIFO, littafi ya nuna 4,400, ka kwashe ka biya buƙatun gida. Gobe ka je mayar da katan 120 ɗin nan a kan 70, za a caje ka 8,400. Daga cinikin 10,800, abin da za ka iya taɓawa ba tare da sitonka ya rame ba 2,400 ne kacal, kuma ko hayar shago da albashin yara ba a cire ba. Sauran 2,000 ɗin, tashin farashi ne ya sa rigar riba.

Kada ka manta, kuɗin mota, dako da kuɗin fito duk suna cikin abin da kaya suka zauna maka, ragin da dila ya yi maka kuma ka cire shi. Sannan ranar ƙidaya ka shiga sito da kanka, ka ɗaga katan na ƙasa ka duba. Wanda ruwa ya jiƙa ko ya yi kwantai har ba zai sayu a kan kuɗinsa ba, ka rubuta shi a kan abin da zai iya kawo maka yau, bambancin ka sa shi cikin asarar wannan shekarar.